Waƙar Wane Ce? Mai Ƙaga Waƙa da Mai Maimaita Ta a Waƙoƙin Karkara

A Hausa idan aka ce "waƙar wane", magana ba ta ƙare ba, domin ɗan harafin nan da ya haɗa kalmomin biyu, wanda masu nahawu ke kira mahaɗi, bai bayyana irin dangantakar da ke tsakaninsu ba. Waƙar Shago waƙa ce da aka yi wa Shago ɗan dambe. Waƙar Ɗan Anace kuwa waƙa ce da Ɗan Anace ya yi. Ga shi kuwa sau da yawa abu guda a ke nufi da sunayen nan biyu. Har wa yau, ko an ce waƙar Ɗan Anace, ba a faɗi ko shi ya ƙaga ta ba, ko kuwa a bakinsa kurum aka fara jinta. Harshen ya bar wannan ga mai sauraro, domin a zamanin da mai sauraro ya sani. Yana zaune a dandali, ga makaɗi a gabansa, ya san uban makaɗin, ya san wanda ya koya masa kiɗa. Yanzu kuwa da waƙa ta bar dandali ta shiga katin waya, wannan sani ya ɓace, sai mahaɗin ya saura shi kaɗai. Abin da wannan takarda ta nufa shi ne ta duba wanda ya cancanci a jingina masa waƙa idan bakuna da yawa sun rera ta, musamman waƙoƙin mutanen karkara irin na ƙasar Makoɗa da ke arewacin Kano.

Kafin mu shiga namu, yana da kyau mu leƙa na waɗansu, domin an daɗe ana wannan gardama a Amurka game da waƙoƙin karkararsu da a ke kira kantiri. Wannan kiɗa ba baƙo ba ne a kunnen mutanen Arewa, gama gidajen rediyonmu sun sha sa Jim Reeves da Don Williams da Dolly Parton. Asalinsa waƙoƙin manoma ne da mazauna duwatsu na kudancin ƙasar. A shekarar 1927 wani mai ɗaukar faifai, Ralph Peer, ya kafa na'urarsa a garin Bristol na jihar Tenesi, ya ɗauki muryoyin waɗansu mawaƙan ƙauye, cikinsu har da iyalin Carter. Babbansu, A. P. Carter, da ya ga kamfani na bukatar sababbin waƙoƙi, sai ya shiga bin ƙauyuka gida gida yana tattara abin da tsofaffi ke rerawa. Abokin tafiyarsa wani baƙar fata ne mai kaɗa jita, Lesley Riddle, wanda aikinsa shi ne ya riƙe karin waƙa a ka, shi kuwa Carter ya rubuta kalmomin. In sun komo sai a gyara, a ɗauka a faifai, a yi rajista da sunan Carter. Sunan Riddle bai fito fili sosai ba sai a shekarun 1960, sa'ad da masu bincike suka nemo shi. Tsofaffin da aka ɗebo waƙoƙin daga bakinsu kuwa, galibinsu ba wanda ya san sunayensu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ga kuma ɗaya fuskar al'amarin. Dolly Parton ita ta tsara waƙar nan I Will Always Love You, ta fitar da ita a 1974. A 1992 Whitney Houston ta sake rera ta cikin wani fim, ta game duniya, har mutane da yawa ba su san tana da wata uwa ba. Amma Parton ba ta yi hasara ba, domin sunanta na rubuce a kan kowane faifai, kuma tun da fari ta ƙi yarda Elvis Presley ya rera waƙar sa'ad da manajansa ya nemi a ba su rabin haƙƙin mallakarta. To, daga misalan nan biyu za mu ga mutum uku ne ke jayayya a kan kowace waƙa: wanda ya ƙaga ta, da wanda aka fara ɗauka yana rera ta, da wanda ta yi suna a bakinsa. Wani lokaci mutum guda ne ya tara ukun. Sau da yawa kuwa ba haka ba ne, kuma na tsakiyar shi ya fi yaudarar masu nazari, gama faifai yana da kwanan wata, baki kuwa ba shi da shi.

Mu komo gida. Ƙasar Makoɗa, daga Koguna zuwa Maitsidau da Wailare, ƙasa ce ta gona kusa da gona, inda ba a barin fili ya huta, sai dai a ciyar da shi da taki shekara bayan shekara, a shuka gero da dawa da wake da gyaɗa. A irin wannan ƙasa waƙa abokiyar aiki ce. Akwai gangar noma da a ke kaɗa wa samari ranar gayya, akwai take da kirarin da a ke zuga jarumin manomi da su har ya bar tsaransa a baya cikin kunya, akwai waƙar daka da ta niƙa da ta daɓe a bakin mata, akwai ta gaɗa a bakin 'yan mata da dare. In mai karatu ya tambayi makaɗin noma wa ya ƙaga taken da ya ke kaɗawa, amsar da zai samu ba ta wuce "haka muka gada" ba. Kada a ɗauki wannan amsa a kan jahilci. Gaskiya ce tsantsa, kuma ita ma jinginawa ce irin tata, gama mutumin ya ƙi ya ci abin da ba nasa ba. Abin da ke nasa shi ne sunan manomin da ya saka a ciki yau, da habaicin da ya yi wa raggon da ya zauna a inuwa, da yadda ya ja kiɗan ya dace da saurin fartanya. Masu nazarin waƙar baka, tun ba Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ba, sun raba waƙa zuwa gindi da ɗiya. A waƙar noma gindi yawanci na kowa ne, ɗiyan su ne na makaɗi. Wanda ya zo da rikoda ya ɗauka, ya rubuta sunan makaɗin a kan gindi da ɗiya gaba ɗaya, ya ba shi fiye da abin da shi kansa ya nema.

Tarihin Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, ya nuna yadda wannan gado ke tafiya. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗin noma ne, kuma da waƙar noma Musa ya buɗe baki. Bayan haka ya zauna ƙarƙashin wansa Abdu Kurna yana yi masa amshi, kāna ya tsaya da ƙafarsa ya zama makaɗin fada. Ko laƙabin nasa ma na wani ne: mahaifinsa yana da wani bara mai zaƙin murya da a ke kira Ƙwairo, da aka ji muryar yaron ta yi kama da tasa sai aka ce Ɗanƙwairo. Duba wannan abu. Ba mu da faifai ko ɗaya na Ƙwairo, amma duk wanda ya ambaci babban makaɗin nan sai ya ambace shi, ko ya sani ko bai sani ba. Ban san wata hanyar jinginawa da ta fi wannan ɗorewa ba. Sa'an nan kuma, wanda ya saurari kiɗan kotso da kyau ya san jagora ba ya gama ɗan waƙa shi kaɗai. Yakan fara, 'yan amshi su karɓa su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari na kansu. Saboda haka ko a waƙar da ba wanda ke shakkar ta Ɗanƙwairo ce, akwai hannun mutanen da faifai bai ambata ba.

Haka al'amarin ya ke a kiɗan amada, watau kiɗan ƙwarya na mata. Yawancin matasan yau in an ce amada sai su ce Hajiya Sa'adatu Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, alhali kuwa Hajiya Uwaliya Mai Amada ta riga ta yin suna a Kano, kuma su biyun duk daga rijiya guda suka ɗebo, wato waƙoƙin da matan aure ke yi a cikin gida ranar biki da suna. Barmani ta cancanci sunan da ta yi, domin ƙarfin hali da barkwancin da ta zuba a waƙoƙin nan nata ne. Amma wanda ya ce ita ce asalin amada ya yi irin kuskuren da aka yi game da Carter: ya ɗauki farkon kaset a kan farkon waƙa. Gidan Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, da kamfanonin faifai irin su EMI, da kasuwar kaset da ta biyo baya, su ne suka zaɓi bakunan da muka sani. Wanda ya ke nesa da Kaduna da Kano, ko wadda ke cikin kulle, ba su shiga lissafi ba.

Kada kuma a wuce gona da iri a ce duk kama aro ce. Ibrahim Narambaɗa yana da Bakandamiya, Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, shi ma yana da tasa. Suna ya zo ɗaya, manufa ta zo ɗaya, kowanne yana yabon kansa da gwanintarsa, amma ɗaya da kotso ɗaya da kalangu, kuma gindi da kari da kalmomi kowa da nasa. Wannan ba maimaici ba ne, shiga fage guda ne. Shata ma ya ƙara wahalar da mai neman "ta asali", gama ba ya rera waƙa sau biyu iri ɗaya. Abin da ya faɗa a wannan gari, gobe a wani gari ya sāke shi. Wace ce Bakandamiyar asali cikin waɗanda aka ɗauka? Tambayar ba ta da wurin zama.

To, in haka ne, sai wani ya ce a bar zancen mana, tun da waƙar baka ta kowa ce. A nan ne na rabu da masu wannan ra'ayi, kuma hujjata daga cikin gida ta ke, ba daga Amurka ba. Malamanmu na rubutacciyar waƙa sun san maimaici tun da daɗewa, sun kuma yi masa ƙa'ida. Ita ce tahamisi. Mai tahamisi yakan ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ya gabatar da ɗango uku nasa, ya zama biyar, ba tare da ya taɓa kalma ɗaya ta mai asali ba. Waƙar Tabbat Haƙiƙa ita ce misalin da kowane ɗalibin Hausa ya sani: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tsara ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mai da ita Hausa a wajen shekarar 1831, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Hannu uku, harshe biyu, amma har yau muna iya rarrabe aikin kowa, domin al'adar malaman nan ce mawaƙi ya ambaci sunansa a ƙarshe, ya faɗi shekara da ramzi, ya faɗi wanda ya bi sawunsa. Mutanen da suka saba karɓar ilmi da salsala, wane daga wane, ba su ga dalilin da zai sa waƙa ta fita daga wannan ladabi ba. Abin lura shi ne, tahamisi bai rage darajar mai yinsa ba. Isa bai zama ƙarami don ya ce baitin Shehu ne ba. A kan haka ma aka san gwanintarsa, yadda ya sa ɗangonsa uku suka gangara suka faɗa cikin biyun mahaifinsa ba tare da an ga ɗinki ba.

Saboda haka muna da hanyoyi biyu na gargajiya. Makaɗin baka yana jinginawa da gado da laƙabi da ambaton ubangidansa na kiɗa a cikin kirari. Malamin alƙalami yana jinginawa da suna da ramzi. Abin da ya dame ni game da maimaicin da a ke yi yanzu a situdiyo shi ne bai ɗauki ko ɗaya daga cikin biyun ba. Yaro zai ɗauki gindin waƙar wani tsohon makaɗi, ko waƙar gaɗa da ya ji a bakin kakarsa, ya ɗora a kan fiyano, ya sa na'ura ta lanƙwasa masa murya, ya fitar da sunansa kaɗai. Daga nan ta faɗa hannun masu tura waƙoƙi a waya a kasuwanni irin ta Ɗambatta, inda a kan sāke wa waƙa suna yadda aka ga dama, har a jingina waƙar wani makaɗin kotso ga wani don muryoyinsu sun yi kama a kunnen mai shago. Manomin Makoɗa da ya biya aka zuba masa waƙoƙi a kati zai iya jin abin da uwarsa ke rerawa a bakin turmi ya komo masa da sunan wani ɗan birni. 'Ya'yan makaɗa da ke ci gaba da rera waƙoƙin iyayensu, kamar na gidan Ɗanƙwairo da na gidan Shata, ba su cikin wannan zargi, domin sunan da su ke ɗauke da shi ya riga ya faɗi inda waƙar ta fito.

Ba ina cewa na baya ba ya iya fin na gaba ba. Yana iyawa. Akwai mai ƙaga waƙa da ba shi da murya, akwai mai murya da ba ya ƙaga kome, kuma waƙa da yawa da sun mutu in ba don bakin na biyu ba. Mai nazari yana da damar ya ce rerawar wane ta fi daɗi, ya kawo dalilansa. Abin da ba shi da dama shi ne ya mai da daɗi hujjar haihuwa. Tambaya biyu ce daban, wa ya fi iyawa, da wa ya fara, kuma yawancin musun da a ke yi a majalisa yana tasowa ne domin wani na amsa ta farko, abokinsa na amsa ta biyu.

Ilmin harshe yana da ɗan taimakon da zai bayar a nan, domin waƙa takan riƙe shaidar garinsu ko an sāke mata riga. Bakano yakan ce "shi ya tafi", Basakkwace ya ce "shi yat tahi". Gaɓar "ya" sassauƙa ce, gaɓar "yat" mai nauyi ce. Haka kuma inda Bakano zai ce "ke" da dogon wasali, mutumin yamma zai ce "ka" da gajere. Tun da karin waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa ya ke tafiya, mawaƙin Kano da ya ari ɗan waƙa daga makaɗan Zamfara ko Gobir yana tsakanin abu biyu. Ko dai ya bar kalmar yadda ta ke, sai a ji Sakkwatanci ya ɓullo tsakiyar Kananci kamar baƙo a taron dangi, ko kuwa ya mai da ita Kananci, sai kari ya yi ɗingishi, ya shiga jan wasali inda ba a ja don ya cike gurbi. Karin sautin kalmomi ma haka: in aka cire kalma aka sa wata mai hawa da sauka daban, muryar waƙar takan yi gardama da ita. Ɗalibin da ya horar da kunnensa a kan waɗannan zai iya nuna aro ko da mai aron ya yi shiru. Sai dai wannan awo yana nuna yanki ne, ba ya nuna mutum. Zai ce maka ɗan waƙar nan daga yamma ya zo. Ba zai ce maka na Narambaɗa ne ko na Sa'idu Faru ba, sai an haɗa da tarihi.

Game da doka, kaɗan zan faɗa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta ba mai ƙaga waƙa haƙƙi muddin ransa da shekara 70 bayan rasuwarsa, ta kuma ba shi haƙƙin a ambaci sunansa. Bisa ga wannan lissafi waƙoƙin Ɗanƙwairo da na Shata ba su zama na kowa ba tukuna. Har ila yau dokar ta tanadi kariya ga fasahar gargajiya wadda ba a san mai ita ba, ta ce wanda ya fitar da irinta ga jama'a ya ambaci al'umma ko wurin da ta fito. Wannan tanadi mai kyau ne a takarda, amma mai shagon tura waƙa bai taɓa jin labarinsa ba, kuma ba kotu ce za ta koya masa ba.

Inda hannunmu zai kai shi ne ɗakin ajiyar sashen Hausa da rubuce-rubucen ɗalibanmu. David Ames da Anthony King, a littafinsu na kalmomin kiɗan Hausa da ya fito a 1971, sun nuna amfanin tambayar makaɗi da kansa a rubuta abin da ya ce. Amma har yanzu a kan ga kundin digiri da aka rubuta "waƙar wane" a ƙarƙashin matani, aka wuce, kamar mahaɗin ya isa. Ɗalibin da ya tafi Makoɗa da damina ya ɗauki kiɗan gayya, ya kamata takardar da zai liƙa wa abin da ya ɗauko ta faɗi wanda ya rera, da waɗanda suka yi amshi kowa da sunansa in sun yarda, da ƙauye, da rana, da manomin da aka yi wa. Sa'an nan ya tambayi makaɗin a wurin wa ya ji gindin, wancan kuma a wurin wa, har inda ƙwaƙwalwarsa ta tsaya, ya kuma ware ɗiyan da makaɗin ya ce nasa ne daga waɗanda ya ce gado ne. In salsalar ta tsaya a kan wani tsoho da ba a tuna ainihin sunansa ba sai laƙabinsa da unguwarsu, to, a rubuta laƙabin da unguwar.